Sake wa Jitar Lantarki Fenti a Gida da Gwangwanin Feshi

Jitar lantarki, irin wadda ba ta da rami a cikinta, idan aka tuɓe mata ƙarafa da wayoyi ba wani abu ba ce illa fallen katako wanda kaurinsa bai kai inci 2 ba, da dogon wuya da aka ɗaura masa. Wannan ne ya sa da yawa daga cikin masu kaɗa ta, a Amurka da Turai da sauran ƙasashe, sukan yi sha'awar su sake mata launi da hannunsu, ko don ta tsufa fentinta ya ɓaɓɓare, ko kuwa don launin da ta zo da shi daga kamfani ya gundure su. Kayan aikin ba su da wuyar samu: 'yan gwangwanayen fentin feshi, da samfefa, watau takardar nan mai yashi da kafintoci ke goge katako da ita, da tsumma mai tsabta. Sauƙin kayan shi ne ke ruɗin mutane. Sai mutum ya sayo gwangwani ran Asabar da safe, yana ƙudurin zai kaɗa jitarsa ran Lahadi da dare, ya kwarara mata sabon fenti bisa tsohon, ya wayi gari ya iske fentin ya zirara kamar hawaye, fuskarta ta yi kaushi kamar ɓawon lemo, ga kuma shatin yatsunsa inda ya taɓa don ya ji ko ta bushe.

Muna so mu bayyana wa masu karatu yadda aikin yake tun daga tushe. Feshin kansa, in an tara mintocinsa duka, da ƙyar ya wuce awa guda, amma aikin gaba ɗaya yakan ci wata ɗaya da rabi, kuma kusan dukan kwanakin nan a guga da jira suke tafiya.

Ya kamata a fara sanin cewa fentin jita da fentin mota 'yan gida ɗaya ne. A farkon ƙarni na 20 da buroshi ake shafa wa mota fenti, a jera ta a rumfa makonni tana shan iska kafin ta bushe. Sai kamfanin DuPont na Amurka ya fito da wani fenti mai suna Duco, wanda aka yi da sinadarin naitiroselulos, za mu riƙa kiransa naitiro don sauƙi. Shi wannan fesa shi ake yi, ya bushe cikin 'yan sa'o'i, aka kuwa fara sa shi a kan motocin Oakland na 1924. To, da Leo Fender ya shiga ƙera jitocinsa a garin Fullerton na Jihar Kalifoniya, wadda ya fitar a 1950 aka sa mata suna Telecaster a 1951, da kuma Stratocaster ta 1954, bai wahalar da kansa da neman wani fenti na dabam ba. Wanda ke son launi na musamman sai ya ƙara kashi 5 cikin 100 a kan kuɗin jitar, a fesa masa fentin DuPont. A 1960 kamfanin ya buga takardar launuka 14, kusan dukansu daga motocin zamanin aka ɗauko su: jan da ake kira Fiesta Red na motar Ford ne ta 1956, shuɗin Lake Placid Blue na Cadillac ne ta 1958, koren Surf Green kuwa na Chevrolet ne ta 1957. Saboda haka wanda ya shiga shagon kayan mota ya sayo abin da zai fesa wa jitarsa bai zo da wani sabon abu ba.

Shi kuma gwangwanin, wani injiniya mutumin Norwe mai suna Erik Rotheim ne ya fara samun takardar mallakar dabararsa a ƙarshen shekarun 1920. A Yaƙin Duniya na Biyu sojan Amurka suka yi amfani da irinsa wajen fesa maganin sauro a tsibiran Fasifik. Ba a sa fenti a cikinsa ba sai a 1949, sa'ad da Edward Seymour, wani mai sana'ar fenti a Jihar Ilinoyi, ya gwada bisa shawarar matarsa. Iskar da ke tura fentin waje a da ta CFC ce, wadda ba ta kama wuta. Da aka gano tana cinye rufin nan na sama da ke kare duniya daga mugun hasken rana, sai Amurka ta hana sa ta cikin gwangwanayen feshi a 1978, sauran ƙasashe suka bi bisa yarjejeniyar Montiriyal ta 1987. Abin da ke cikin yawancin gwangwanayen yau dangin gas ɗin girki ne. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

Jitar da ta fi kowace suna cikin waɗanda aka fesa a gida ita ce ta Eddie Van Halen, makaɗin Amurka wanda ya rasu a 2020. Yana saurayi ya sayi gangar jiki dala 50, da araha don akwai ƙullin reshe a katakon, ya sayi wuya dala 80, ya haɗa da kansa. Ya fesa mata baƙi, ya lilliƙa salatif ya gicciya shi ta ko'ina, ya fesa fari a kai, da ya ɓare salatif sai ga zane-zane baƙi da fari. Fentin keke ne na Schwinn. Haka ta fito a bangon faifansu na farko a 1978, a 1979 kuma ya ƙara mata ja. Amma fa kada labarin nan ya ruɗi kowa. Shi Van Halen ba santsi yake nema ba, jitarsa in an dube ta kusa duk ƙujewa ce da ƙunar taba sigari. Wanda yake son tasa ta yi ƙyalli kamar ta kanti, hanyarsa ta fi wannan tsawo nesa ba kusa ba.

Tambaya ta farko ita ce ko jitar ta cancanci a taɓa ta. Tsohuwar Fender ko Gibson ta shekarun 1950 da 1960 darajarta tana cikin fentinta na asali, kome kuwa koɗewarsa. Dillalai sukan zubar da kusan rabin kuɗin wadda aka sake wa fenti, ko da gwani ne ya yi aikin. Wanda ya gaji irin wannan ya kai mata samfefa, shi ne garin neman gira ya rasa ido. Aikin gida na jita mai araha ne. A kuma fara da mai wuyan da sukuru 4 ke riƙe da shi, irin tsarin Fender, don ana kwance shi a ajiye gefe guda. Irin su Les Paul ta Gibson manne wuyansu yake da gam, ga kuma farin dajiya a gefensu, rufe-rufen da suke bukata ya fi ƙarfin ɗan koyo.

Kwancewa ba ta da wuya. A cire tsarkiyoyi, a kwance wuya, a cire jaki, watau ƙarfen da tsarkiyoyin ke hawa kansa kamar yadda yake a garaya, a cire marfin roba na gaba wanda a tsarin Stratocaster yake ɗauke da maganaɗisun nan uku masu ɗaukar sauti da maɓallansu. Wayoyi kaɗan ne za a narke dalmarsu a raba. Kafin a taɓa ko ɗaya a ɗauki hotonsu, a zuba sukurorin kowane wuri cikin ƙunshinsa dabam a rubuta sunansa, gama bayan mako 6 ba wanda zai tuna wanne ne na ina.

Daga nan sai a binciki irin fentin da ke jikinta, don shi zai nuna hanyar da za a bi. A ɗiga tina mai ƙarfi, watau ruwan nan da masu fentin mota ke tsinka fenti da shi, a wani lungu da marfi ke rufewa. In fentin ya yi laushi ya kama tsumma, naitiro ne ko danginsa, tina da tsumma sun isa su wanke shi. In kuwa ko gezau bai yi ba, to, foliyesta ne ko foliyuretan, waɗanda da zarar sun daskare sun zama kamar roba mai tauri, tina ba ta narka su. Bayan da kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965, kafin shekarun 1960 su ƙare aka koma ga irin waɗannan, yau kuma kusan duk jita mai araha da ke kasuwa su ne a jikinta.

A nan ne shawararmu ta saɓa da abin da zuciyar ɗan koyo ke raya masa. Shi gani yake lalle sai ya kankare kome ya ga farin katako. Mu kuwa muna ganin in tsohon fentin yana nan daram, bai tsage ba bai ɗaga ba, kuma launi mai rufewa ake so, a bar shi. Kamfani ya riga ya toshe katakon ya daidaita shi da injuna, shimfiɗar da mutum ba zai iya yin irinta a tsakar gida ba. Abin da ake bukata kawai a kashe ƙyallinsa da samfefa mai lamba 320 ko 400, har ya zama ba sauran wuri mai sheƙi ko kamar ƙwayar gero, don sabon fenti ya sami abin kamawa. Inda ya ɓare a cike da fotin masu gyaran jikin mota, a goge ya yi daidai. Wanda ya nace sai ya tuɓe, sai ya nemi na'urar hura zafi da ƙarfen kankarewa, ya yi hankali kada ya ƙona itacen, ya kuma shirya wa abin da zai gani: sau da yawa a ƙarƙashin kyakkyawan launin nan guntayen katako ne huɗu ko biyar aka manne, wani lokaci ma filawud. Ruwan cin fenti mai sinadarin metilin kulorayid kuwa, mu dai ba mu ba da shawararsa ba. Tururinsa ya kashe mutane a ɗakunan da ba iska, har Amurka ta hana sayar da shi ga masu aikin gida a 2019.

In an kai ga katako, sai a dubi irinsa. Itacen ash, wanda Fender ya fara da shi, da mahogani, ɗan'uwan maɗacinmu, wanda Gibson ke amfani da shi, suna da 'yan ƙofofi a jikinsu kamar hujin allura. Dole a shafa musu ƙullun toshe ƙofa, a kankare, a bari ya bushe, a goge, sau biyu ko uku. In ba haka ba, kome yawan fentin da aka zuba sai ya nutse cikinsu bayan makonni, jikin jitar ya fito da ɗigo-ɗigo kamar mai zanzana. Itacen olda, wanda Fender ya koma gare shi a 1956, ƙofofinsa a tsuke suke, ba ya bukatar wannan wahala. Inda katako ya lotsa bai karye ba, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma a danna dutsen guga mai zafi, tururi zai tashe shi. Samfefa kuwa a kan ɗan katako mai shafaffen ciki ake naɗa ta, domin yatsu suna bin kwari su ƙara masa zurfi. A bi tsawon jijiyar itace, daga lamba 220 zuwa 320.

Dalilin duk wannan wahala guda ne. Mutane suna tsammani fenti rufa asiri yake yi, alhali kuwa tonawa yake. Kaurin dukan abin da za a fesa, in ya bushe, bai fi na takarda biyu ko uku ba, yana kuma ƙara tsukewa yayin da yake bushewa, ya bi kowane karce ya kwanta cikinsa, sa'an nan ƙyalli ya zo ya haska. Karcen da ido bai gani ba a kan busasshen katako, a ƙarƙashin baƙin fenti mai sheƙi tun daga ƙofar ɗaki za a hango shi. Shi ya sa baƙi ya fi kowane launi wuya, fari da launuka masu haske suka fi yafiya.

Kafin feshi a ɗaura wa gangar jikin mariƙi, watau sanda a ramin wuya da sukuru biyu, don a riƙa juya ta hannu bai taɓa ta ba, a kuma rataye ta da shi. Fentin iri uku ne: na shimfiɗa, da na launi, da na ƙyalli wanda yake garai-garai kamar ruwa. A ƙiyasi gwangwani 1 ko 2 na shimfiɗa, 2 na launi, 3 ko 4 na ƙyalli sun isa gangar jiki guda. Lalle ne dukansu su zama dangi ɗaya, in da hali ma na kamfani ɗaya. Tinar da ke cikin naitiro mai zafi ce, in aka fesa shi bisa fentin mai sai ta ci na ƙasan, nan take fuskar duka ta yamutse kamar kauɗar tumatir, ba kuwa magani sai kankarewa. A gwada su tukuna a kan wani guntun katako, a jere kamar yadda za a yi a jitar. Masu fentin mota suna da wata dabara da ta cancanci aro: in fentin shimfiɗa ya bushe sai su watsa masa baƙi sama-sama kamar ƙura, su goge. Duk inda baƙin ya rage, nan ne kwari; a ƙara shimfiɗa a sake gogewa har ya ɓace.

Yanzu mu koma ga maganar gas. Abin da ke fita daga gwangwanin mai kama wuta ne, tururin kuma ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya tafi nesa ya iske murhu ko fitilar ƙwai ko janareto. A yi aikin a buɗaɗɗiyar rumfa, nesa da madafa da yara, kada kuma a bar gwangwani a rana ko cikin mota, gama ba a so zafinsa ya wuce digiri 50. Ƙyalle da takunkumin takarda ƙura kaɗai suke tarewa, tururin tina ratsa su yake yi. Abin da ake bukata takunkumi ne mai matatar gawayi a kumatu. Akwai wani irin fentin ƙyalli da ake rubuta wa 2K, mai maɓalli a gindi wanda in an danna shi ruwa biyu suke haɗuwa. Yana da ƙarfi ƙwarai, yana kuma daskarewa cikin kwanaki kaɗan, amma sinadarin da ke cikinsa yana iya jawo wa mutum asma wadda ba ta rabuwa da shi. Ba mu ga dalilin da ɗan koyo zai sa huhunsa a caca saboda jita ba.

Yawancin bayanin da ke jikin gwangwani don ƙasashen sanyi aka rubuta shi. Jitar lantarki kuwa ta daɗe da zama 'yar gida a wannan yanki namu, ga makaɗan Nijar irin su Bombino da Mdou Moctar suna yawo da ita ko'ina a duniya, saboda haka ya kamata mu faɗi yadda yanayinmu yake da fenti. Da damina iska cike take da laima. Tina tana tashi tana sanyaya fuskar fentin, raɓa ta sauka ta shige ciki, sai ƙyallin ya yi fari-fari kamar hazo. Da tsakar ranar bazara kuma fentin a iska yake bushewa kafin ya isa katako, ya sauka kamar yashi. Hunturu busasshe ne, abin da fenti ke so ke nan, amma ƙurarsa ba ta da kunya. Mun fi son kaka, bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya sauka, da hantsi, a yayyafa wa ƙasa ruwa don ƙura ta kwanta.

A girgiza gwangwani minti 2 cur bayan an fara jin ƙarar ɗan ƙwallon da ke ciki, in da sanyi a tsoma shi a ruwan ɗumi. A riƙe shi kamar inci 8 zuwa 10 daga katako, watau kimanin taƙi guda. A danna tun kafin hannu ya iso bakin katako, kada a saki sai ya wuce ɗaya bakin, hannu yana tafiya sambal, kowane layi ya hau rabin na gabansa. A fara da gefuna da ƙahonin nan biyu, sa'an nan baya, sa'an nan gaba. Hawan farko sama-sama ake yinsa, har ana ganin na ƙasa. A nan ne haƙuri ke ƙarewa, mutum ya ga bai rufe ba, ya koma ya tsaya wuri ɗaya, fenti ya zuba. In ya zuba kada a kai masa tsumma. A bar shi ya kwana ya bushe, a aske tudun da reza a kwance, a goge. Ga naitiro hawa 3 a yini ya isa, da tazarar kamar rabin awa zuwa awa guda. Launi hawa 3 ko 4 yakan rufe, ƙyalli kuwa a ba shi 9 zuwa 12 cikin kwana 3 ko 4, don shi ne za a goge daga baya, dole ya sami kaurin da zai jure. Launi mai ƙyalƙyalin ƙarfe ba a kai masa samfefa ko kaɗan kafin a rufe shi, in an yi sai ya yi dabbare-dabbare. In an gama kowane zama a kifa gwangwani a danna har iska zalla ta fito, don kada bakinsa ya toshe.

Sa'an nan sai jira. Naitiro ba ya daskarewa kamar siminti, tinar cikinsa ce ke fita sannu sannu, ta sama ta riga ta ƙasa. Bayan awa guda ya bushe ga taɓawa, amma cikinsa ɗanye ne. A rataye ta inda iska ke shiga, ba rana ba ƙura, mako 4. A kai hanci kusa, in har ana jin warin tina, da saura. A danna farce a wurin da marfi zai rufe, in ya bar shati, da saura. Wanda ya goge ta tun tana ɗanya zai ga ƙyalli ran nan, bayan wata guda fentin ya ƙara tsukewa, karce-karcen su dawo.

Abin da gwangwani ya bari, kome gwanintar hannu, fuska ce mai ɗan kaushi. Santsin madubi daga guga yake zuwa. A jiƙa samfefar ruwa mai lamba 800 cikin ruwa da ɗigon sabulu, a goge a hankali, ana sharewa ana dubawa, har ɗigo-ɗigon sheƙi su ɓace fuskar ta dushe bai ɗaya. Sa'an nan 1000, da 1500, da 2000, kowace tana share sawun ta gabanta. Ruwan da ke fita fari ne kamar madara. Da zarar ya ɗauki launi, an huda ƙyalli an kai ga na ƙasa, sai a tsaya. A gefuna ne wannan ya fi faruwa, don a nan fenti ya fi siranta, saboda haka a bar su sai can ƙarshe, a ɗan shafa kawai. A toshe ramukan sukuru da kakin zuma, gama in ruwa ya shiga sai katako ya kumbura ya tsaga fentin kewaye da ramin. Bayan haka sai man goge mota, mai kaushi tukuna sa'an nan mai laushi, da tsohuwar rigar auduga, a yi ta murzawa.

Akwai gardama tsakanin makaɗa ko fenti yana sake muryar jita, wasu har rantsuwa suke yi cewa naitiro yana barin itace ya yi numfashi. Mu dai a namu ganin, muryar jitar lantarki daga tsarkiya da maganaɗisu da na'urar ƙara sauti take fitowa, abin da kaurin takarda biyu na fenti zai ƙara ko ya rage bai kai a yi faɗa a kansa ba. Abin da ba gardama a kansa shi ne naitiro yana tsufa: yana yin rawaya, yana tsattsagewa in ya fita daga sanyi zuwa zafi farat ɗaya, kuma robar da ake naɗa wa wasu abubuwan jingina jita tana narka shi in sun daɗe a haɗe.

Wajen mayarwa, a kankare fentin da ya taru a ramin wuya har wuyan ya shiga ba tilas. In aka danna shi da ƙarfi sai gefen ramin ya ɓalle, ga shi kuwa wurin da ido ke fara sauka ne. A ɗan buɗe bakin kowane ramin sukuru kafin a sa shi, a shafa wa sukurun kaki ko busasshen sabulu, a ɗaure da hannu. Kada a manta da siririyar wayar da ke zuwa ga jaki daga maɓallai: in ba ta taɓa ƙarfe ba, jitar za ta yi ta gurnani da zarar an haɗa ta da na'ura. Tsayin tsarkiyoyi da daidaiton muryarsu duk sai an sake gyarawa, don kaurin da ya ƙaru ko ya ragu a ramin wuya, ko da na takarda ɗaya ne, yana sake kwanciyar wuyan. A watanni biyu ko uku na farko kuma kada a rufe ta cikin akwatinta ta daɗe, don ƙyallen ciki yana iya barin shatinsa a bayanta.